Kasuwar Manhajojin Taro ta Bidiyo: Ina Ta Fito, Ina Ta Dosa?

Lokacin furojet ya kama, kuma a bana da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe, musamman 'yan sashen kasuwanci da na kimiyyar kwamfuta, mun ɗauki batutuwan da suka shafi fasahar zamani. Nawa ya shafi manhajojin da ake yin taro da su daga nesa, irin su Zoom da Microsoft Teams da Google Meet. Abin da na tattara ya fi ƙarfin babi guda, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan mujalla tamu.

Duk wanda ya nemi bayanin wannan kasuwa a intanet zai ci karo da rahotanni rututu, kowanne yana cewa za ta kai dala biliyan kaza nan da shekara kaza. Mu kuma sai mu kwafe mu zuba a babi na biyu. Ranar kare furojet kuwa, da malami ya ce "wannan lissafin daga ina ya fito?" sai ka ga mutum yana sosa ƙeya. Abin da nake so mu fahimta shi ne, kasuwar ta yi girma ƙwarai, amma kiran bidiyo shi kansa ya kusa zama kyauta, kuɗin ya koma kan abubuwan da ke kewaye da shi. Wanda ya gane haka zai iya karanta kowane rahoto da idon basira, kuma zai san inda zai nemi abinci bayan ya karɓi difloma.

Kafin korona

Wasu na ɗauka da annobar korona aka fara taro ta bidiyo. A'a, abin ya daɗe. An ƙirƙiro Skype a 2003, kamfanin eBay ya saye shi a 2005 kan dala biliyan 2.6, sannan Microsoft ya saye shi a 2011 kan dala biliyan 8.5. Kamfanin Cisco ya sayi WebEx a 2007 kan dala biliyan 3.2. Daga cikin injiniyoyin WebEx ɗin ne wani mai suna Eric Yuan ya ajiye aiki ya kafa Zoom a 2011, manhajar ta fito kasuwa a 2013. Teams da Meet kuma duk a 2017 suka fito.

A wancan lokacin manyan kamfanoni ne masu saye. Abin da Zoom ya shigo da shi shi ne sauƙi: a turo maka mahaɗi, ka latsa, ka shiga. Ya kuma bar mutum 100 su yi taron minti 40 kyauta. Wannan minti 40 ɗin dabara ce ta ɗan kasuwa, irin ta mai tsire da zai miƙo maka ɗanɗano. Idan taro ya katse ana tsakiyar magana sau biyu sau uku, shugaban ofis da kansa zai ce a biya.

Shekarar da kasuwa ta tashi

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Aka rufe ofisoshi da makarantu. A Disambar 2019 masu halartar taro a Zoom ba su wuce miliyan 10 a rana ba, amma a Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. Teams ya tashi daga masu amfani miliyan 20 a rana a Nuwamban 2019 zuwa miliyan 75 a Afrilun 2020, sannan miliyan 145 a Afrilun 2021. Google ma ya buɗe Meet ga duk mai adireshin Gmail kyauta.

A nan akwai darasi na farko. Ku lura da kalmomin da na yi amfani da su: "masu halartar taro" daban, "masu amfani" daban. Idan ka shiga lacca uku a rana ɗaya, a lissafin masu halarta an ƙirga ka sau uku, a lissafin masu amfani kuwa kai mutum ɗaya ne. Shi kansa Zoom da farko ya rubuta cewa yana da masu amfani miliyan 300 a rana, daga baya ya gyara ya ce masu halarta yake nufi. Saboda haka wanda ya jera miliyan 300 na Zoom da miliyan 75 na Teams ya ce Zoom ya ninka Teams sau huɗu, ya auna gero da mudu ne ya auna dawa da tiya, sannan ya ce ga wanda ya fi yawa.

Mu ɗan yi lissafi

Zoom ne ya fi sauƙin nazari, domin hannun jarinsa na kasuwar Nasdaq ta Amurka, dole ya riƙa bayyana kuɗin shigarsa, kuma wannan sana'ar ce tushensa. Microsoft da Google kuwa suna cusa kuɗin Teams da Meet a cikin na sauran hajojinsu. Shekarar kuɗin Zoom tana ƙarewa ne a ƙarshen Janairu. Ga abin da ya samu:

Janairun 2020: dala miliyan 623.
Janairun 2021: dala biliyan 2.65, ƙarin kashi 326 cikin 100.
Janairun 2022: dala biliyan 4.10, ƙarin kashi 55.
Janairun 2023: dala biliyan 4.39, ƙarin kashi 7.
Janairun 2024: dala biliyan 4.53, ƙarin kashi 3.
Janairun 2025: dala biliyan 4.67, ƙarin kashi 3.

Masu rubuta rahoton kasuwa suna son wani ma'auni da suke taƙaitawa da CAGR, wato matsakaicin haɓaka na shekara-shekara. Ga yadda ake fitar da shi. Ka raba adadin ƙarshe da na farko: 4.67 a raba da 0.623 ya ba da kusan 7.5. Shekarun biyar ne, don haka sai ka nemi lambar da idan ka jera ta sau biyar kana ninkawa za ta ba ka 7.5. Lambar ita ce kusan 1.5, ku gwada a kalkuleta ku gani. Ma'ana, matsakaicin haɓakar Zoom a waɗannan shekaru kashi 50 cikin 100 ne duk shekara.

Lissafin daidai ne, babu ƙarya a ciki. To amma ku koma ku duba jerin nan na sama. Shekara biyu ne suka ɗauke nauyin duka, ukun da suka biyo baya tafiyar hawainiya ake yi. Wanda ya ɗauki kashi 50 ya yi hasashe da shi zai ce nan da shekara biyu Zoom zai samu dala biliyan 10.5. Wanda ya ɗauki kashi 3 zai ce dala biliyan 4.95. Kamfani ɗaya, alƙaluma ɗaya, amma tazarar ta fi dala biliyan 5. Kun ga ke nan shekarar da mai hasashe ya fara ƙirga daga gare ta ita ke yanke hukunci.

Masu zuba jari sun riga mu ganin wannan. An fara sayar da hannun jarin Zoom kan dala 36 a Afrilun 2019. A Oktoban 2020 ya haura dala 550, a tsakiyar 2024 kuma yana ƙasa da dala 70. A Fabrairun 2023 kamfanin ya sallami ma'aikata 1,300. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Amma a lura, kuɗin shigar bai koma inda yake kafin korona ba. Mutane ba su daina taro ta bidiyo ba, sababbin masu saye ne suka yi ƙaranci, domin kusan duk wanda zai saya ya riga ya saya.

Gyara ta kashe wa mai gishiri kasuwa

Me ya sa kiran bidiyo ya yi araha haka? Dalili biyu ne.

Na farko fasaha ce. A 2011 Google ya saki wata fasaha mai suna WebRTC kyauta, wadda ke ba burauza damar aika murya da hoto kai tsaye ba sai an sauke wata manhaja ba. Akwai kuma manhajoji irin su Jitsi da BigBlueButton da kowa zai iya ɗauka ya ɗora a kan sabarsa bai biya kuɗin lasisi ba. WhatsApp ma yanzu yana ɗaukar mutum 32 a kiran bidiyo. Abin da kowa ke iya yi, da wuya ka tsauwala masa farashi.

Na biyu dabarar ciniki ce. A ce kana sayar da gishiri kaɗai, maƙwabcinka kuma yana sayar da shinkafa, duk wanda ya sayi kwano sai ya ba shi gishiri gyara. Ko naka ya fi kyau, wa zai zo wurinka? Haka Microsoft ya yi: ya saka Teams a cikin kunshin Office da kamfanoni suka riga suke biya saboda Word da Excel da Outlook. Google ma ya saka Meet a cikin Workspace. Zuwa ƙarshen 2023 Microsoft ya ce Teams na da masu amfani miliyan 320 a wata.

Abin ya kai gaban hukuma. A Yulin 2020 kamfanin Slack ya kai ƙarar Microsoft wurin Hukumar Tarayyar Turai, hukumar ta buɗe bincike a Yulin 2023. Microsoft ya raba Teams da Office a Turai a Oktoban 2023, sannan a sauran duniya a Afrilun 2024. Sai dai kafin nan ofisoshi sun riga sun saba, kuma sauya manhajar da ma'aikata dubu suka saba da ita ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kamfanin Hopin na Birtaniya, mai shirya manyan taruka ta intanet, an yi masa ƙimar dala biliyan 7.75 a 2021, amma a 2023 ya sayar da wannan sashe nasa ga RingCentral a farashin da bai wuce dala miliyan 50 ba. Verizon ya sayi BlueJeans a 2020, a 2023 ya sanar zai rufe shi. Amazon ya sanar da rufe Chime a Fabrairun 2026. Skype da kansa, wanda yayyenmu suka sani tun kafin mu san waya, Microsoft ya rufe shi a Mayun 2025 ya ce kowa ya koma Teams.

Inda kasuwar ta dosa

Tunda kiran kansa ba ya kawo riba kamar da, kamfanonin sun karkata zuwa wurare huɗu.

Na ɗaya, faɗaɗa haja. Zoom yanzu yana sayar da layin wayar ofis, da manhajar cibiyar amsa kiran kwastomomi, da imel, da kalanda. A 2021 ya yi yunƙurin sayen Five9 kan dala biliyan 14.7, cinikin ya wargaje. A Nuwamban 2024 ya cire kalmar "Video" daga sunansa ya koma Zoom Communications. Kamfanin da ya goge sunan hajar da ta yi masa suna, ai ya gaya maka inda ya sa gaba.

Na biyu, ƙirƙirarriyar basira. Yanzu manhaja na iya rubuta duk abin da aka faɗa a taro, ta taƙaita shi, ta fitar da aikin da aka ɗora wa kowa. Zoom ya saka tasa a Satumban 2023 ba tare da ƙarin kuɗi ba ga masu biya, Microsoft kuma ya sa wa Copilot farashin dala 30 a wata kan kowane ma'aikaci. A Mayun 2025 Google ya nuna fassarar murya kai tsaye a Meet, ya fara da Ingilishi da Sifaniyanci. A nan ne gasar ta fi zafi a yanzu.

Na uku, kayan ɗakin taro. Kamfanoni da yawa sun koma tsarin rabi a gida rabi a ofis. Abin dariya, Zoom ma a Agustan 2023 ya umarci ma'aikatansa da ke kusa da ofis su riƙa zuwa kwana biyu a mako. Idan mutum shida suna ɗaki ɗaya, huɗu suna gida, dole a sami kyamara da makirfo da allon da za su haɗa su. Shi ya sa HP ya sayi Poly, mai ƙera irin waɗannan kaya, kan dala biliyan 3.3 a 2022.

Na huɗu, tsaro. A 2020 matsalar ita ce 'yan kutse da ke faɗowa taron da ba a gayyace su ba, har aka mayar da lambar sirri da ɗakin jira wajibi. Yanzu abin ya wuce nan. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 ga 'yan damfara, bayan wani taron bidiyo da ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin ya kuma ji muryarsa, alhali duk na bogi ne da kwamfuta ta haɗa. Tabbatar da cewa wanda kake gani shi ne ɗin ya zama haja mai tsada.

Sannan a tuna, kasuwar "duniya" ba dunƙule take wuri ɗaya ba. A Sin, Tencent Meeting da DingTalk na Alibaba ne ke riƙe da gari. Rahoton da ya ƙirga Sin da wanda bai ƙirga ba, ko wanda ya haɗa da kuɗin kyamarori da wanda ya tsaya kan manhaja zalla, ba za su taɓa ba da adadi ɗaya ba.

Mu fa, ina muka tsaya?

Mu masu saye ne a wannan kasuwa, kuma doka ta buɗe mata ƙofa. A Mayun 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta bidiyo. A Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta ce zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda kamfanoni masu zaman kansu su yi babban taronsu ta intanet, wata doka ta 2023 kuma ta faɗaɗa damar ga kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a.

Abin da ke riƙe mu shi ne tsada. Lasisin da dala ake biyansa. A ce dala 15 ne a wata. Kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, naira 6,900 ke nan. Da dala ta kai naira 1,500 a 2024, lasisin nan ya koma naira 22,500, ba a ma saka harajin VAT na kashi 7.5 ba. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma mai biya a Kano ko Kaduna ya ji a jikinsa.

Sai data. Zoom ya ce kiran bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu na buƙatar megabit 1.2 a daƙiƙa. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ka ninka ka sami megabit 4,320, ka raba da 8 ka sami megabait 540. Wannan na karɓa ne kawai, idan kyamararka a kunne take sai ka ƙara kwatankwacinsa, ka haura giga ɗaya a awa. Murya zalla kuwa ba ta wuce kilobit 80 a daƙiƙa, wato megabait 36 a awa. Bambancin ninki 15 ne. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Don haka idan kuka ga rabin aji sun kashe kyamara a lacca, ba lallai barci suke yi ba, lissafi suke yi. Haka nan ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, taruka da yawa sun tsaya cak.

Shawarata gare mu

Ga mai rubuta furojet, kafin ka kwafi kowane adadi ka yi masa tambaya huɗu. Me aka ƙirga, manhaja kaɗai ko har da kaya? Daga wace shekara aka fara lissafi? Mutane aka ƙirga ko halarta? Wa ya fitar da adadin, kamfanin da doka ta tilasta wa bayyana kuɗinsa, ko mai son ya sayar maka da cikakken rahoto? Idan ka amsa waɗannan a babi na biyu, babu malamin da zai tsayar da kai.

Ga mai tunanin sana'a kuma, na sha jin 'yan'uwa a hostal suna cewa za su ƙirƙiro "Zoom ɗin Arewa". Ina girmama burin, amma a duba abin da ya sami BlueJeans da Skype, waɗanda ke da iyayen gida masu biliyoyin daloli. Gurbin da nake gani a buɗe yana kusa da mu. Ƙungiyoyin agaji, makarantu masu zaman kansu, asibitoci da ma'aikatu duk suna shirya tarukan da wasu ke zaure wasu ke nesa, kuma sau da yawa abin da ke ɓata taron ƙaramin abu ne: makirfo na kuka, an ɗauke wuta babu inbata, mai jawabi bai san yadda zai nuna takardarsa ba. Wanda ya iya haɗa kyamara da mikisa da layin intanet biyu, ya tsare ƙofar taro, ya miƙa rikodin mai tsabta, ya sami sana'a. Ɗan sashen kwamfuta da ya iya ɗora Jitsi ko BigBlueButton a sabar makaranta ya rage mata biyan dala. Wanda ya iya Hausa da Turanci sosai kuma, Zoom na da tashar tafinta inda mutum ke fassara kai tsaye mahalarta su zaɓi harshen da suke so, kuma masu fassarar inji da manyan harsunan Turai suka fara.

Masu zuwa SIWES a zango mai zuwa, idan aka ce wa zai kula da taron ofis, ku ɗaga hannu. 'Yan ajinmu kuma, wanda ke son mu zauna mu bi lissafin nan tare kafin ranar kare furojet, ya bar saƙo a ofishin ƙungiyar ɗalibai. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.